Yaya ake koya wa ɗaliban kimiyyar ƙasa aiki tare?

Tambaya: Shekarata biyu da fara koyarwa a sashen kimiyyar ƙasa. Duk lokacin da na raba ɗalibai rukuni-rukuni don aikin taswira a fili, mutum ɗaya ko biyu ke yin aikin, sauran su sa suna a bangon rahoto. Masu ƙoƙarin suna ƙorafi, suna roƙon in bar kowa ya yi nasa. Shin aiki tare abu ne da ake iya koyarwa, ko hali ne da ake haifar mutum da shi? In ana koyarwa, ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ana koyar da shi, kamar yadda ake koyar da riƙon kamfas da karanta taswira. Kuma kafin ka ɗora wa ɗalibanka laifi, ina so ka dubi aikin da ka ba su. Idan ɗalibi guda mai kaifin basira zai iya gama shi shi kaɗai cikin kwana uku, to me zai sa ya jira mutum huɗu? Su kuma huɗun, me zai sa su wahalar da kansu alhali sun san maki ɗaya za a ba kowa? Abin da kake gani ba sabo ba ne. Tun a 1913 wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa gwajin da ya yi da masu jan igiya, inda ya ga cewa duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum guda ke sawa yana raguwa. Inda ba a iya gane gumin kowa, gumi yakan ragu. Saboda haka abu na farko da zan faɗa maka, wanda duk sauran maganata ta rataya a kansa, shi ne kada ka ba rukuni aikin da mutum ɗaya zai iya kammalawa.

Mu a fanninmu wannan ba shi da wuya, domin haka sana'ar take a zahiri. Abin da muke nazari binne yake. Babu wanda ya taɓa ganin shimfiɗar dutsen da ke mita 800 a ƙarƙashin ƙafarsa. Abin da muke da shi guntayen shaida ne, kowane guntu a hannun mutum daban. Ina yawan ba ɗalibaina labarin siririn layin yumɓu, kaurinsa kamar santimita ɗaya, da Walter Alvarez ya tsaya a kansa kusa da garin Gubbio a Italiya. Shi masanin duwatsu ne, tambayarsa kuwa ita ce tsawon lokacin da yumɓun ya ɗauka yana taruwa. Mahaifinsa Luis Alvarez, masanin fiziks, shi ya kawo shawarar a auna sinadarin iridiyum, ƙarfen da yake da ƙaranci a ɓawon ƙasa amma yake da yawa a duwatsun sararin samaniya. Masu iya awon kuma wasu ne dabam, Frank Asaro da Helen Michel, masana kemistiri. Da suka tarar iridiyum ɗin ya ninka na yau da kullum kusan sau 30, sai tambayar ta sauya gaba ɗaya, aka kai ga bayanin da suka fitar a 1980 cewa wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ne ya faɗo duniya, abin da yanzu ake lissafa shekarunsa miliyan 66. Cire ko wane ne daga cikin huɗun nan, aikin ya tsaya. Irin wannan dogaro da juna shi za ka gina a cikin aikin aji.

Ga yadda nake yi. A ce za a zaɓi wurin haƙa rijiyar burtsatse. Sai in raba bayanai gida huɗu: ɗaya ya karɓi taswirar duwatsun yankin, ɗaya ya karɓi awon jurewar lantarki na ƙasa, ɗaya ya karɓi bayanan tsofaffin rijiyoyi uku da aka haƙa a kusa, na huɗu ya karɓi sakamakon gwajin ruwa. Babu mai izinin miƙa takardarsa ga wani. Da baki zai yi bayani, ko ya zana a allo. Kafin su haɗu, masu riƙe da bayani iri ɗaya daga dukkan rukunoni sukan zauna tare na rabin awa su tabbatar sun fahimci nasu ɓangaren, sannan kowa ya koma rukuninsa a matsayin wanda ya fi kowa sani a kan wannan fanni. Tsarin ba nawa ba ne, Elliot Aronson ne ya ƙirƙiro shi a 1971 a makarantun birnin Austin na Amurka, amma ban san fannin da ya dace da shi kamar namu ba. Ni abin da nake ƙarawa shi ne in ɓoye hujja mai yanke hukunci a takardar mutum guda. Misali, awon lantarki ya nuna wuri mai ƙarancin jurewa, wanda sau da yawa alamar ruwa ce, kowa ya yi murna an sami ruwa, amma a cikin bayanan tsohuwar rijiya akwai layi ɗaya da ke cewa a wannan zurfin yumɓu aka tarar. Yumɓu ma yana ba da ƙarancin jurewa, kuma ba ya sakin ruwa. Rukunin da bai saurari mai riƙe da wannan takardar ba zai haƙa busasshiyar rijiya.

Za ka yi mamakin yawan rukunonin da ke faɗawa wannan ramin, har da masu hazaƙa. Garold Stasser da William Titus sun nuna a 1985 cewa idan mutane suka zauna shawara, sun fi ɓata lokaci a kan abin da kowa ya riga ya sani, abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani kuwa sau da yawa ba ya fitowa. Bayan an bayyana amsa, kada ka wuce da sauri. A nan darasin yake. Tambaye su: a hannun wa hujjar take? Ya faɗa? In ya faɗa, wa ya katse shi? In bai faɗa ba, wa ya tambaye shi? Minti goma sha biyar na irin wannan bitar sun fi lacca guda a kan muhimmancin haɗin kai. Ɗalibin da ya ga rijiyarsu ta bushe don bai ce wa abokinsa "kai me ke cikin taka takardar?" ba, ba zai manta da wannan tambayar ba.

A aikin fili kuwa, wanda shi ka tambaya a kai, ka raba yankin ta yadda kowane mutum biyu ke da nasu ɓangaren, amma taswirorin dole su haɗu a kan iyaka su zama taswira ɗaya. A kan iyakar nan ake koyon komai. Layin da ya raba dutsen yashi da dutsen laka ya zo bakin takardar wasu, ya ɓace, sannan ya ɓullo a takardar maƙwabtansu mita 200 daga inda ya kamata. Ko kuma abin da waɗannan suka kira dutsen yashi mai laka, waɗancan sun kira shi dutsen laka mai yashi, suka ba shi launi daban. Ba yadda za a yi su gyara wannan sai sun zauna, kuma sau da yawa sai sun koma wurin tare sun ɗora hannu a kan dutsen.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Daren farko, kafin kowa ya taka fili, rukuni ya rubuta yarjejeniya shafi ɗaya: yadda za a rubuta miƙewar shimfiɗa da karkatarta, gyaran bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta gaskiya a kan kowane kamfas, tsarin da za a saita na'urar GPS a kai, sunayen rukunonin duwatsu da launukansu, da yadda za a ba samfura lamba. Ɗalibai suna ɗaukar wannan ƙaramin abu ne har sai ka rubuta 045/30 a allo ka ce su nuna da hannu inda dutsen ya karkata. Wanda ya saba da dokar hannun dama, inda lambar farko miƙewar shimfiɗa ce kuma dutsen na karkata zuwa damarta, zai nuna kudu maso gabas. Wanda ya saba rubuta alkiblar karkata a lambar farko zai nuna arewa maso gabas. Lamba ɗaya, bambancin digiri 90. Daga nan sai in ba su labarin gadar Laufenburg da ke kan kogin da ya raba Jamus da Suwizalan, wadda aka buɗe a 2004. Jamusawa suna auna tudu daga matakin Tekun Arewa, 'yan Suwizalan daga na Bahar Rum, kuma tsakanin ma'aunan biyu akwai santimita 27. Injiniyoyin sun san da wannan sarai. Abin da ya faru shi ne an yi gyaran ta ɓangaren da ba shi ba, bambancin ya zama santimita 54, sai da aka gyara gefe guda ana cikin gini. Kowa ya san aikinsa. A wurin miƙa lamba daga hannu zuwa hannu aka yi ɓarin.

Akwai wani atisaye da nake ƙauna ƙwarai, kuma ba ya cin komai. A rana ta biyu ko ta uku, ka sa su yi musayar littafin fili. Kowa ya ɗauki littafin abokinsa, ya nemo wurin da aka bayyana, ya tsaya a kai, ya ga ko zai gane dutsen daga rubutun kaɗai. Nan take ɗalibi yake gane cewa littafin nan ba don kansa yake rubuta shi ba. Wata rana wani da bai taɓa ganinsa ba zai yanke shawarar inda za a kafa madatsar ruwa bisa abin da ya rubuta. A nan ne kuma nake matsa musu su raba shafi gida biyu, abin da ido ya gani a gefe ɗaya, abin da suke zato a ɗaya gefen. "Na ga duwatsu a farfashe da gogaggen fuska mai zane-zane" gani ne. "Akwai tsagewar ƙasa a nan" fassara ce. Wanda ya miƙa wa abokan aikinsa fassara a rigar gani ya hana su damar su taimake shi, domin ba su da abin da za su auna maganarsa da shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na ɗauka shi ne mafi wuyar koyarwa, wato saɓani. Ɗalibai da yawa suna zaton rukuni mai kyau shi ne wanda ba a jayayya a cikinsa. A fanninmu wannan haɗari ne. A 2007 Clare Bond da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji: sun ƙirƙiri hoton ƙarƙashin ƙasa irin na awon girgiza, wanda su sun san ainihin amsarsa tun da su suka gina shi, suka ba masana 412 su fassara. Kashi 21 cikin 100 ne kawai suka gano irin yanayin motsin ƙasar da ya haifar da shi. Ba ɗalibai kaɗai ba ne waɗannan, har da ƙwararru, kuma akwai alamun cewa abin da mutum ya saba gani a aikinsa yana jan idonsa. Idan haka ƙwararre yake shi kaɗai, to kariyar da muke da ita ita ce ido na biyu da na uku waɗanda ba su ji tsoron cewa "ni ba haka na gani ba". Tun 1890 T. C. Chamberlin ya gargaɗi masana duwatsu game da yadda mutum ke kamuwa da son hasashensa na farko, ya ba da shawarar a riƙa tafiya da hasashe da dama a lokaci guda. Mutum ɗaya yana shan wahalar yin hakan. Mutum huɗu suna iyawa cikin sauƙi, muddin na farkon da ya buɗe baki bai rufe na sauran ba.

Don haka a gaban kowane dutse nakan ce a yi shiru minti biyar, kowa ya zana ya rubuta fassararsa kafin a yi magana. In ba haka ba, mai babbar murya zai ce "wannan lanƙwasa ce", sauran su zama 'yan amshin shata. Bayan shirun, wanda ya fi kowa kunya shi ke fara magana. Kuma ina koya musu jimlolin da kansu, domin da yawa ba rashin ra'ayi ke damunsu ba, rashin sanin yadda za su faɗe shi ba tare da sun ɓata wa wani ba ne: "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" "Wace shaida ce za ta sa ka sauya ra'ayi?" "In taka ce daidai, me ya kamata mu tarar a bayan wancan tudun?" Ta ƙarshen ita ce na fi so, don tana mayar da gardama ta zama tafiya. Sai a je a duba.

Labarin Marie Tharp yana da amfani a nan. A 1952, tana zana bayanan zurfin Tekun Atlantika da Bruce Heezen ke tattarowa, a lokacin da ba a barin mata su hau jiragen binciken, ta lura da wani kwari da ya ratsa tsakiyar tsaunukan ƙarƙashin tekun. Heezen ya yi watsi da maganar, ya kira ta zancen mata. Bai sauko ba sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan zanenta aka ga sun bi ta cikin kwarin. Nakan tambayi aji: a rukuninku, maganar wa ake yi wa irin wannan riƙon? Kai ma ka sa ido, Malam. Idan ka bar su su raba aiki da kansu, za ka ga kamfas da guduma sun zauna a hannun mutum ɗaya har ƙarshen mako, rubutu kuma ya zauna a hannun wata, sau da yawa ɗaliba mace. Ka sa ayyukan su riƙa zagayawa kowace rana, ka kuma duba cewa sun zagaya. Amy Edmondson, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci sun fi kawo rahoton kurakurai, domin a cikinsu mutum ba ya tsoron cewa ya yi kuskure. A fili wannan yana nufin ɗalibin da ya gane da yamma cewa bai gyara kamfas ɗinsa ba tun safe zai iya faɗa, maimakon ya yi shiru awon yini guda ya gurɓata taswirar kowa. Yadda ka karɓi irin wannan furucin a karo na farko shi zai nuna ko za a sake yi maka shi.

Game da haɗa rukunin, a taƙaice: kai za ka haɗa, mutum uku ko huɗu, kuma ka bar su tare tsawon zangon karatu. Rikicin mako na biyu ba dalilin wargaza su ba ne.

Sai maki, inda ƙorafin ɗalibanka masu ƙoƙari yake, kuma suna da gaskiya a kansa. Maki ɗaya ga kowa zalunci ne. Ni nakan bar kaso mafi girma a kan abin da mutum ya yi da hannunsa, wato littafin filinsa da taswirar ɓangarensa. Kaso na biyu na haɗaɗɗiyar taswira ne da rahoto. Na uku tambayar baka ce, kuma ita ce ke sauya halayya: ina kiran kowa in tambaye shi a kan ɓangaren da ba shi ya yi ba, kuma sun san da haka tun ranar farko. Da zarar sun sani, sai ka ga suna koya wa juna da daddare ba tare da ka ce komai ba. Ina kuma sa su auna gudummawar juna sau biyu. Na tsakiyar aiki ba ya shiga maki, don gyara ne. Tambayoyinsa a kan abin da ake gani ne, kamar ko ya zo da nasa bayanan a kan lokaci, ko ya tambayi ra'ayin wani, ba a kan ko yana da kirki ba. Haka ma a jarrabawar aji kana iya sa su amsa kowa shi kaɗai, su miƙa, sannan su sake amsa tambayoyin a rukuni, kaso kaɗan na makin ya fito daga zagaye na biyu.

Amma ka yi hattara da saurin kiran wani cima-zaune. Shekarun baya na rage wa wani ɗalibi maki bisa rahoton abokansa cewa ba ya taɓuka komai. Daga baya na buɗe littafinsa na fili, na tarar awonsa ya fi na kowa tsabta, kuma shi kaɗai ya lura cewa shimfiɗun wani gefe a kife suke. Ya faɗa sau ɗaya, jagoran rukunin ya ce ba lokaci, shi kuma ya ja bakinsa ya tsuke har aka gama. Na mayar masa da makinsa, amma abin ya daɗe yana damuna, domin taswirar da suka miƙa ba daidai ba ce, kuma gyaranta yana cikin jakar ɗaya daga cikinsu. Tun daga lokacin na fahimci cewa ɗalibin da ke ƙwace aiki ya yi shi kaɗai yana buƙatar darasin nan daidai da wanda ke zamewa, wataƙila ma fiye, tun da shi ne wata rana za a ba shugabancin tawaga.

Idan suka tambaye ka me ya sa kake matsa musu haka, ka ba su labarin garin Armero. A watan Oktoban 1985 masana sun fitar da taswirar haɗari ta dutsen Nevado del Ruiz a Kolambiya, kuma ta nuna garin yana kan hanyar malalar laka. Ranar 13 ga Nuwamba dutsen ya yi aman wuta, lakar ta ɗauki fiye da awa biyu kafin ta iso, amma ba a kwashe mutane ba, kusan 23,000 suka rasu. Ilimin yana nan. Tsakanin masu shi da masu yanke hukunci ya maƙale. Shekara shida bayan haka, a Pinatubo na ƙasar Filifin, masanan ƙasar da takwarorinsu na Amurka sun yi aiki a matsayin tawaga ɗaya, suka tsara matakan gargaɗi masu sauƙin fahimta, suka riƙa nuna wa hukumomi bidiyon irin ɓarnar da ke tafe, aka kwashe dubun-dubatar mutane kafin babbar fashewar 15 ga Yunin 1991. A aji na shekarar ƙarshe nakan mayar da wannan labari ya zama atisaye na awa uku: wasu na karɓar bayanan girgiza, wasu na iskar gas, wasu na kumburin dutsen, bayanai na shigowa kowane minti goma, kuma a ƙarshe dole su tsaya gaban wanda ke matsayin shugaban gari su faɗa masa, cikin harshen da zai gane, ko a kwashe mutane ko a jira, da kuma iyakar tabbacin da suke da shi.

Ba sai ka yi duka a zango ɗaya ba. A fitarku ta gaba ka fara da uku: yarjejeniyar daren farko, taswirorin da dole su haɗu a kan iyaka, da tambayar baka a kan ɓangaren wani. Ɗaliban da suka roƙe ka ka bar kowa ya yi nasa kuwa, ka kira su kafin a fita, ka nuna musu yadda makin zai rabu, ka gaya musu cewa littafinsu da ɓangarensu nasu ne, babu mai ci da guminsu. Sannan ka ba kowannensu ɓangaren da ba zai iya rufe taswirarsa ba sai da awon maƙwabcinsa.